Ba a Tauna Shi Kamar Goro

Illela, ranar Alhamis.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya kai ka Fatakwal lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da na abokin tafiya, ya sa albarka a rumfar albasar da kawunka ya danƙa maka.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga mutumin da katanga ɗaya ta raba gidansa da naka, alhali sai jibi motarku za ta tashi. Sunan mahaifina gare ka, shi ya sa ban taɓa iya kallon idonka in yi doguwar magana ba. Sau ɗaya na gwada a kan wannan batu, ka san yadda muka ƙare. Ni kuwa na yi shekaru ina aika rahoto daga bakin iyakar nan, a takarda na fi iya jera magana ba tare da murya ta tashi ba.

Jiya Innarka tana taya matarka Rukayya haɗa maka kaya, sai wani ɗan kwali fari ya faɗo daga aljihun jakarka, rubutun jikinsa duk Faransanci. Ta shigo mini da shi.

"Malam, mi na wanga kuma? Ba dai ƙwaya yaron ga ya ƙara da ita ba?"

Na juya kwalin, na gane shi nan take. Cingam ne na masu son barin taba, irin wanda ake shigo da shi daga Nijar ta Ƙonni. An ɓalle kaɗan daga ciki, sauran suna nan. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, wannan ba kayan maye ba ne, ɗanta ne ke neman hanyar fita bai gaya wa kowa ba. Ta ce, "To, in magani na, don mi bai shanye ba?" Na ce, "Don ɗana ne." Ba ta gane ba. Kai za ka gane idan ka kai ƙarshen takardar nan.

Mu fara da abin da ke ƙasa. 'Yarka Hanifa tana da fuka. Rukayya ta faɗa a gabana da gaban mahaifinta, cikin ladabi, cewa ba za ta kai yarinyar ɗaki ɗaya a garin da ba ta da kowa ba, muddin hayaƙin sigari da wiwi na bin rigarka. Idan ka rabu da su, za su biyo ka kafin babbar salla. Idan ba ka rabu da su ba, suna nan Illela, kana can. Na goyi bayanta, kuma har yanzu ina goyon bayanta. Amma faɗa wa mutum ya bari abu ne mai sauƙi. Abin da ba wanda ya zauna ya gaya maka shi ne yadda ake barin. Ni na sha taba tun kafin a haife ka har ka shiga sakandare, na yi ƙoƙarin bari sau da yawa ta hanyoyin da ba su ɓulle ba. Ga su nan, don kada ka ɓata shekarun da na ɓata.

Na daɗe ina ɗaukar azumi a matsayin magani. Duk shekara idan watan ya kusa sai in ce wa Innarka, bana dai an gama. Kuma da gaske daga asuba zuwa faɗuwar rana ba na taɓa ta. Amma ana kiran salla, in jefa dabino a baki, in kurɓi ruwa, kafin in kai ga kunu na riga na zagaya bayan gida. Wata rana abokina Issufu, mai fataucin shanu daga Ƙonni, ya riske ni a haka. Ya ce, "Malam ɗan jarida, mutane na buɗa baki da dabino, kai kana buɗa naka da ashana. Wace mazhaba ta wagga?" Muka yi dariya, sannan ya karɓi wuta a hannuna. Abin da ban lura ba shi ne, ban bar taba ba, jira kawai nake koya wa jikina, kuma kowace yamma ina biyan shi ladan jiran. Azumi yana taimakawa, don yana nuna wa mutum cewa ƙwaɗayin yana tasowa ya kwanta ba tare da ya kashe kowa ba. Amma ba shiri ba ne. Wanda bai tsara abin da zai yi bayan magariba ba, bai tsara komai ba. Idan ka sa ranar bari, ka tsara lokutan da hannunka ya saba kai wa aljihu: bayan cin abinci, wurin mai shayi, bayan an sauke kaya. Kowanne ka ba shi abin da zai maye gurbinsa tun kafin lokacin ya zo.

Daga nan na koma wata dabara da nake jin kaina mai wayo da ita. Na daina sayen kwali, sai kara-kara. Daga baya ma na daina saye gaba ɗaya. Ka san majalisarmu ta bakin tasha: wanda ya buɗe kwali sai ya zagaya da shi, ƙin karɓa kuma kamar raini ne. Sai na zama mutumin da ba ya sayen taba amma yana shan ta kowa. Har Issufu ya sa mini suna mai kuɗin fito, wai ba kwalin da ke ƙetare majalisa ban karɓi nawa ba. A raina ina cewa na rage. A gaskiya ban rage komai ba sai mutuncina. Abba, a can za ka zauna cikin direbobi da 'yan kamasho, mutane masu kyauta, waɗanda za su miƙo maka don sun ɗauke ka nasu. Ka shirya amsarka tun daga nan, gajera, ba wa'azi a ciki: na gode, na bari. Kada ka ce kana ragewa, don mai ragewa gobe ma za a miƙo masa. A makonnin farko kada ka zauna inda ake zagayawa da ita. Ka gaisa a tsaye ka wuce. Za su yi maka tsiya, tsiyar ba ta daɗewa.

Yanzu ga maganar cingam.

Issufu ne ya kawo mini shi, bayan tari ya fara hana ni kai ƙarshen jimla idan ina karanta rahoto a waya. Ya ce wani ma'aikacin lafiya a Yamai ya gaya masa wannan ne maganin. Na tambaye shi yadda ake sha. Ya ce, "Mi ag ga tauna da za a koya ma? Awa goro, Malam. Kai da ka girma gidan masu goro." Takardar da ke cikin kwalin Faransanci ce. Ni da nake alfahari da karatu, ban nemi wanda zai karanta mini ba, a garin da rabin kasuwa ke jin Faransanci. Ban so a san ina neman magani.

Na zauna wurin mai shayi, na jefa ɗaya a baki, na tauna shi yadda muke tauna goro, da ƙarfi, ina haɗiye yawu, ina korawa da shayi mai zafi. Ba a jima ba shaƙuwa ta kama ni, maƙogwaro ya ɗauki zafi, zuciyata ta tashi. Na ce wataƙila ɗaya ya yi kaɗan ne, jiki bai saba ba, washegari na jefa biyu. Ranar sai da na jingina da bango. Na yanke hukunci cewa kayan bogi ne irin na bakin iyaka, na wurga sauran cikin akwati, na kunna taba don in wanke bakina. Na ci gaba da sha wasu shekaru, duk wanda ya tambaye ni kuma sai in ce masa na gwada maganin asibiti, ba ya aiki.

Na ga inda ka tsaya a naka kwalin. Ina jin nan ne shaƙuwa ta kama ka.

Maganin yana aiki. Mu ne muka tauna shi kamar goro. Likitar da ta taimaka mini daga baya ta bayyana mini haka: abin da ke ɗaure mutum ga taba wani sinadari ne da ake kira nikotin, amma yawancin ɓarnar da ake yi wa huhu da zuciya daga hayaƙin take. Cingam ɗin yana ba jiki nikotin kaɗan ba tare da hayaƙi ba, don ƙwaɗayin ya lafa har mutum ya warware sabonsa, daga baya a janye shi a hankali. Ta fatar cikin baki yake shiga jiki, ba ta ciki ba. Ana tauna shi a hankali har a ji ɗan yaji, sai a ajiye shi tsakanin kunci da dasashi. Idan yajin ya tafi a sake taunawa kaɗan, a sake ajiyewa. Ba a haɗa shi da shayi ko kofi ko lemo, sai an bar tazara. Wanda ya tattauna shi da sauri ya haɗiye, cikinsa ne ke karɓar abin, sai shaƙuwa da ƙwarnafi, ƙwaɗayin kuma yana nan inda yake. Ta ce akwai irinsa na tsotsa, akwai kuma wanda ake mannawa a fata kamar filasta, yana aiki a hankali tsawon yini, kuma ga mai sha da yawa sau tari ana haɗa na fata da na baki. Akwai ƙwayoyi ma da likita ke rubutawa, waɗanda ke rage daɗin tabar da ƙwaɗayinta, ana fara su kafin ranar bari. Waɗannan ba a sayensu da ka. Sai an tambayi lafiyar mutum da irin magungunan da yake sha, don ba kowa suke dacewa da shi ba.

Me ya hana ni jin wannan bayani tun farko? Wurin da ake ba da shi. Sashen masu son rabuwa da taba da kayan maye yana cikin asibitin ƙwaƙwalwa, wanda ke kan hanyarmu ta zuwa Sakkwato. Ka san yadda mutanenmu suka mayar da sunan wurin abin zagi: yaro ya yi shirme sai a ce a kai shi can. Ni kuma fuskata sananniya ce daga Lafani har Gidan Katta. Na riƙa tunanin wani ɗan Illela zai gan ni a kan benci, kafin in dawo labari ya riga ni. Na sha wuce ƙofar a mota ina kallon wani gefe. Sai da ƙirji ya riƙe ni ina tsakiyar aiki a kasuwar shanu, aka kwashe ni zuwa Sakkwato, likitan zuciya ya rubuta takarda ya ce can za ni, ba shawara yake ba ni ba. Na je. A kan bencin na tarar da malamin makaranta, da wani direba, da wata dattijuwa mai shan tabar gari. Ba wanda ya kalli wani. Abin da na yi shekaru ina tsoro bai wuce zaman jiran layi ba.

Ba zan ce maka da sauƙi ba. Makon farko ya fi kowanne muni. Na yi faɗa da Innarka a kan gishirin miya. Barci ya gudu, hannuna bai san inda zai zauna ba. Likitar ta ce ƙwaɗayi yana zuwa ne ya wuce cikin 'yan mintoci, ko an sha ko ba a sha ba, aikin mutum kawai ya tsallake waɗannan mintocin. Nakan sha ruwa, ko in yi alwala, ko in fita. Na saba da tafiya da yamma ta hanyar tafkin Kalmalo, in tsaya in kalli masunta suna gyara koma, in dawo. Ina komawa asibiti ana tambayata ina na yi tuntuɓe, me ya jawo, me za mu canza. Wannan zaman da maganin tare suka yi aiki. Ɗaya ba tare da ɗaya ba, ban jin da na kai.

Na kuma faɗi sau ɗaya bayan na yi nisa. A zaman makokin Issufu ne, Allah ya jiƙansa, wani ya miƙo na karɓa. Da na gaya wa likitar ina jin kunya, sai ta ce, "Malam, kara ɗaya ka sha, ba ka koma ba. Gobe da safe ka ci gaba daga inda kake." Ka riƙe wannan. Abin da ke mayar da mutum ba karan farko ba ne, cewar da yake yi tunda na ɓata, bari in ƙarasa.

Batun wiwi kuwa, aikina ya koya mini in raba abin da na gani da abin da aka gaya mini. Ban taɓa shan ta ba. Abin da zan faɗa na tambaya ne na karanta, bayan na san kana sha. Ba ta da cingam, ba ta da filasta. Har yanzu ba a sami wata ƙwaya da aka tabbatar tana cire ta ba, duk wanda ya miƙo maka kwalba a tasha ya ce tana wanke wiwi daga jini, aljihunka zai wanke. Abin da ke taimakawa shi ne zama da masu ba da shawara a asibiti, a gano lokacin da kake sha da dalilin sha, a tsara ragewa ko yankewa, a riƙa bibiya. Wanda ya daɗe yana sha idan ya tsaya yakan rasa barci, ya riƙa mafarkai masu nauyi, abinci ya fita ransa, ya zama mai saurin fushi. Wannan ba hauka ba ne, kuma yana wucewa cikin makonni. Kada ka je kemis ka nemi maganin barci ko tiramol ko na tari don ka samu sauƙi. Na ga samari a garin nan da suka fita daga wiwi ta wannan ƙofa, inda suka faɗa ya fi inda suka baro. Idan kuma ka fara jin kamar ana bin ka, ko kana jin maganar da wasu ba sa ji, kada ka jira, kada ka ɓoye, ka ga likita a ranar.

Akwai abu ɗaya da ya shafe ka kai tsaye. Rukayya ta ce kana farke sigari ka gauraya da ita kafin ka naɗe. In haka ne, duk ranar da ka sha wiwi ka sha taba, ko da ka yi rantsuwa ka bar sigari. Ɗaya tana riƙe wa ɗaya ƙofa. Ka faɗa wa likita wannan da bakinka, da yawan abin da kake sha na gaskiya, ba rabinsa ba. Shi zai taya ka zaɓar ko a kama su tare ko a bi da bi. Ba ɗan sanda ba ne, ba kuma surukinka ba.

Saura kuskurena a kanka. Kana ƙarami ni nake aikenka teburin mai taba. Haka kowa ke yi, ban ɗauke shi komai ba. Ka san sunan kowace iri kafin ka iya rubuta naka. Sannan ranar da na ji warin wiwi a ɗakinka, na tsaya a tsakar gida na kira ka ɗan iska har maƙwabta suka ji. Ka fita, tun ranar ba ka sake kawo mini wata damuwa taka ba. Faɗan bai rage maka ko zuƙa ɗaya ba. Abin da ya koya maka shi ne ɓoyewa, har ga shi ka sayi magani a ɓoye, ka sha wahalarsa a ɓoye, ka ajiye shi a ɓoye, kamar yadda na yi. Ka yafe mini. Idan wata rana Hanifa ta zo maka da abin da ba ka so, ka rufe ƙofa, ka rage murya, ka fara da tambaya.

Ba na shakkar addu'a. Innarka ta sa an yi maka, ni ma ina yi a kowace sujada. Amma Allah da ya halicci ciwo ya halicci magani, ya kuma ba wasu ilimin yadda ake shan sa. Neman su ba raunin imani ba ne, ba kuma raunin namiji ba.

Ga abin da nake so. Motarku sai Asabar. Gobe Juma'a da safe masu sashen nan suna ganin mutane kafin a tafi masallaci. Na tambaya, ban ambaci sunanka ba. Za su duba ka, su tsara maka abin da ya dace da kai, su rubuta maka takardar da za ka kai wani asibiti a Fatakwal don a ci gaba da bibiya. Kwalinka yana wurina, mu tafi da shi, su duba ko na kirki ne, ko kwanansa bai wuce ba. Zan fito ƙofar gida bayan an karya kumallo. Idan ka fito, mu tafi, ba sai mun yi magana a hanya ba. Idan ba ka fito ba, ba zan aiko ba, ba zan yi fushi ba, kuma ranar Asabar zan raka ka tasha in sa maka albarka kamar yadda na yi niyya. Amma sai ka san Hanifa za ta yi salla a nan, kana can.

Na san abin da zai tsaya maka a rai, don shi ya tsaya mini: kada wani ɗan Illela ya gan ka a kan bencin nan. Na yi tunanin wannan. Ni tsoho ne, kowa ya san na yi ciwon ƙirji, kowa ya san na sha taba. Zan zauna kusa da kai. Duk wanda ya gan mu ya tambaya, ka ce ni ka rako.

Allah ya yi maka albarka, ya sauƙaƙa maka abin da ya yi maka nauyi, ya ba Hanifa lafiya, ya saka wa Rukayya da alheri a kan haƙurinta da gaskiyarta. Allah ya tsare ka a tafiya da zama, ya haɗa ka da iyalinka a ɗakin da iskarsa ke da tsabta, ya dawo mana da kai muna masu farin ciki. Amin.

Innarka tana gaishe ka. Ta ce in gaya maka ta mayar da komai cikin jaka yadda ta same shi, ban da kwalin nan.

Wassalam.

Mahaifinka.